Gwaggo Agogo da Tukunya Mai Baki Biyu

Ƙarfe bakwai tana ɗakin gwaji na masana'antar rini, agogo rataye a wuya. Duk rabin awa sai ta ɗebo kaɗan daga tukunyar rini, ta auna, ta rubuta. Shekara talatin da ɗaya tana haka, har ma'aikata suka manta sunanta na yanka, sai Gwaggo Agogo.

Ni 'yar mai kula da tukunyar ce, don haka ba zan yi shiru ba.

Wata shekara masana'antar ta ɗauko sabon injiniya. Ya buga lissafi, ya ce cikin awa shida kashi casa'in cikin ɗari na sinadarin zai zama rini. Baba ya sauke tukunyar, aka samu saba'in da ɗaya. Aka sake, haka. Sai aka ce Baba karkatar da kaya yake yi, har an buga takardar korarsa.

Gwaggo ta faɗa ofishin manaja ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Ranka ya daɗe, baki biyu ke ci a tukunyar nan. Sinadarin yana zama rini, yana zama datti a lokaci guda. Rini ya yi loma uku, datti ya yi ɗaya. Injiniyan nan kuwa, bakin rini kaɗai ya lissafa. Bayan awa shida ɗan sinadari kaɗan ya rage, ko shekara kuka jira ba za ta wuce saba'in da biyar ba."

"Wace jami'a kika yi?" in ji injiniya.

"Ga ta," ta dire masa littattafan awonta.

Aka gwada, haka ya fito. Aka yaga takardar, amma ko haƙuri ba a ba Baba ba.

Makon jiya ta yi ritaya. A taron bankwana manaja ya miƙe, ba kunya, ya yaba wa injiniya da "gano" baki na biyu. Ita aka miƙa mata agogon bango. Agogo fa! Wallahi raina ya ɓaci. Ta dube shi, ta dubi na wuyanta, ta ce, "Minti huɗu yake baya."

Gwaggo, ke ce kika hana a kira ubana ɓarawo. Mun gode, Allah Ya saka miki. Ku da kuka san gaskiyar aiki kuke noƙewa, ku koyi shiga ofis irin nata.

Baba ne ya ɗaukar mata agogon har bakin titi. Yana biye da ita, yana share ido da hannun riga.