Kawu da Akwatin Sa'a

Kawuna mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: tebur ɗaya, fitila ɗaya, sai gilashin da yake maƙalawa a ido. Shekara talatin yana nan, bai taɓa yarda agogo ya tsaya haka kawai ba. "Da dalili," yakan ce, "ba a dai gano ba ne."

Wasa ɗaya yake yi a waya, na jera duwatsu masu launi, inda mutum biyu ke rige-rigen share allonsu. Mahaifiyata, ƙanwarsa, ita ta koya masa. Ma'aikaciyar jinya ce, da ta samu hutun rana sai ta turo masa gayyata. Sunanta a wasan Auta. In ta cinye shi sai ta bugo waya: "Yaya, ko in aiko maka da tabarau?" Shi kuwa ya ce ai ɗaga mata ƙafa ya yi.

Da masu wasan suka ƙaro wani sashe mai suna Akwatin Sa'a, ran Kawu ya ɓaci. A can akwati ke faɗowa ana tsakiyar wasa, wani ya samu bam ya tarwatsa allon abokin karawarsa, wani ya buɗe ya ga wayam.

"Wannan ai caca ce," ya ce da ni. "Ka yi minti biyar kana lissafi, wanda bai iya komai ba ya kayar da kai da dangwale ɗaya. Shi me ya koya? Ni me na koya?"

Sau biyu yana sa ni in rubuta musu ƙorafi, ko amsa babu. Mama kuwa tana son sashen. Ta yi lallashin duniya ya shigo, ya ƙi.

Ta rasu bayan jinyar kwana tara.

Wata huɗu da rasuwarta na biya ta shagon da rana, na tarar da shi riƙe da waya. Ashe ya taɓa sashen ne bisa kuskure. In babu abokin karawa a kusa, wasan yakan ɗauko tsohon wasan wani da ya adana ya haɗa ka da shi. Sunan da ke saman allon Auta ne.

"Zo ki gani," ya ce. "Daga hagu take farawa. Kullum sai na ce mata kuskure ne."

Duwatsunta na ta sauka, da saurinta, har da ɗan tsayawar da takan yi in an kira ta wajen majinyaci. Ta ci. Muka bi wayar da kallo kamar za ta yi ƙara.

Tun daga ranar, da kwastoma ya juya baya sai Kawu ya shiga sashen. Bai canza ra'ayi ba. "Har gobe wasan banza ne," in ji shi, "amma a nan take." Cikin wata bakwai sau ɗaya ya sake cin karo da ita. A ranar akwati ya ba shi bam. Bai danna ba, ya ajiye wayar a tebur ya bar ta ta gama.

Bara aka sabunta wasan, aka share duk tsofaffin wasannin da aka adana. Ni na karanta sanarwar. Kawu ba ya karanta irin waɗannan, yana nan yana nemanta tsakanin agogo da agogo, ni kuma har yau na kasa gaya masa.