Kazar Inna ta haɗiye fitilun gem ɗina

Jama'a, yau kaza ta cinye min aikin sati uku!

Kun san gem ɗin hannu da nake haɗa wa Yaya Sani, tunda ya karye a hanyar Dawanau yake kwance a ɗaki. Komai ya tashi, har sauti. Hasken bayan sikirin kawai ya rage, don in babu shi ba a ganin komai.

Da safe na ɓamɓaro ƙwayayen fitila shida daga tsohuwar waya, ƙanana kamar shinkafa. Na zuba su a faifan Inna kada su ɓata, na tafi gasa ƙarfen liƙi a garwashi.

Na dawo, faifai wayam!

Na ce, “Inna, ina abin da ke nan?”

Ta ce, “Tsakuwar shinkafar? Ai na watsa wa kaza.”

Innalillahi! Wallahi zama na yi a ƙasa.

Da na yi mata bayani, sai ta ce, “Kira babanku ya yanka kazar.” Kazarta ɗaya tilo fa, mai ƙwai! Na ce a bari, ta ƙi.

Muka tsaga ƙundu. Huɗu muka samu, na wanke, na jona da batir. Ko ɗaya bai kawo ba, ta riga ta niƙe su.

Yanzu ga romo a gaban Yaya, bai taɓa ba. Gem ɗin yake ta dannawa, sikirin baƙi ƙirin, yana sauraren ƙararsa.