Shinkafar hoto

An ci mutuncin mahaifiyata da buhun shinkafa, kuma har gobe ban yafe ba.

Jiya a hanyar Kinkinau na ga hotonta a allon wata ƙungiyar agaji, ana roƙon gudummawa da fuskarta. Shekara guda ke nan da rasuwarta.

Ranar da aka ɗauki hoton ina tsakar gidanmu a Unguwar Kanawa. Tsadar nan ta sa sau ɗaya muke ɗora tukunya a rana. Sai ga Ɗanlami, ɗan maƙwabta da ta goya da zaninta, yanzu shi ke rabon tallafin ƙungiyar. Inna ta yafa mayafinta na Juma'a mai ƙanshin turaren wuta, ta ba shi ruwan randa, don kullum cewa take baƙo ba ya fita da ƙishi. Aka jingina mata buhun a gwiwa. Ta ce in hura wuta in ɗora ruwa.

Ana gama hoto ya sa aka ɗauke buhun. "Inna, masu ba da kuɗin sun janye, wannan na nunawa ne. Naki na tafe."

Ruwan ya tafasa har ya ƙafe. Ta ninke mayafinta. Allah ya ciyar da ita a Aljanna.

Yau na tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a. Na ce, "Ɗanlami, ka sauke fuskar uwata kafin Magariba. Shinkafar kuwa riƙe abarka, da hannunta za ta karɓa ranar hisabi. Allah ya isa!"