Yayen Sadik da Otal ɗin Bakin Teku

Ku matso, masu renon 'ya'yan mutane, ku ara mini kunnuwanku.

Ban taɓa mantawa da ranar da Dakta Safiya ta zauna a kan akwatinta ta ce ta fasa tafiya ba. A gidanta da ke unguwar Summerfield nake aiki, ina renon ɗanta Sadik. Mijinta Malam Nura, mai koyarwa a jami'a, shi ya kama musu ɗaki a wani otal can bakin teku, ƙasar zafi da kwakwa. Ya nuna mini a waya: rufin ciyawa, wutar sola, ruwan sama suke tarawa, ba a shiga da leda, sai da kwalekwale ake isa. Ma'aurata kaɗai ake karɓa, ban da yara.

Sadik kuwa ya doshi shekara biyu, bai saki nono ba. An riga an gaya mini, da an yaye shi za a kai shi makarantar reno, aikina ya ƙare. Da na yi shiru, da na ci gaba da cin tuwona. Amma tun haihuwarsa ban ga mutanen nan biyu sun zauna sun yi hira ba.

Na ce, "Dakta, a garinmu ɗa ake ɗauka a kai wa kaka. Nan ni ce kakar, kuma ina cikin gidan, to uwar za a ɗauke. Tashi."

Ta ce, "Mama Ladi, zai yi ta kuka fa."

Na ce, "Zai yi. Ke ma ki yi naki a jirgi."

Ka'idar yaye ɗaya ce: kada yaro ya ji muryar uwa. Na dama kunun gyaɗa, na ɓoye gyalenta, na goya shi muna zaga gida. Ashe a otal ɗin waya ba ta kamawa sai an hau wani tudu bayan kicin. Sai ga kiran Dakta, tana haki.

"Mama, kunna bidiyo in gan shi kaɗan."

"Malam yana ina?"

"Yana ƙasa, wai yana kallon kunkuru."

"Tudu kika hau ki ɓata mini aiki? Sauka ki taya shi kallon kunkurun."

Na kashe. Ba ta sake hawa ba.

Da suka dawo, sun yi baƙi suna ta dariya, Sadik ya dubi uwarsa, ya miƙo mini kofin kunu. Aikinmu ke nan: idan ka yi shi da kyau, kai ne za a sallama.

Sadik yana makaranta yanzu, da Turanci yake amsa mini. Malam har yau labarin kunkuru yake ba baƙi. Dakta ta sallame ni da turmin atamfa, ta yi kuka. Kafin shekara ta zagayo sai ga ta a ƙofata da 'yan biyu, Hassana da Husaina. Ina gidan har gobe.