Turaren da Ɗanlami ya hana girma

Shekara bakwai ke nan da muka kai ƙanina Ɗanlami makwancinsa. Duk lokacin da damina ta kankama a Ibadan sai ya faɗo mini a rai, saboda wata bishiya da ya bari a cikin kasko, wadda tsawonta bai kai gwiwata ba.

Bishiyar turare ce, irin wadda ake shukawa a bakin titi a arewa ta miƙe sama. Ɗanlami ya ce asalinta daga Ostareliya take. A intanet ya ga yadda ake hana bishiya girma, wai bonsai, ya sayo tsirrai wajen masu furanni a Mokola, ya jera a barandarsa a nan Sabo, unguwar Hausawa. Yana datse saiwa, yana naɗa wa reshe wayar tagulla. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi da gaske ya ɗauki maganar. Ni da nake dillancin goro nakan yi masa tsiya, in ce kowa na neman kayansa ya ƙaru, kai kana wahala don naka ya ƙanƙance. Sai ya ce, "Yaya, ina fili a Sabo? Mu ma ai a kasko aka dasa mu."

Babban abokin gabarsa fumfuna ce. Mu da jininmu na arewa, a wurinmu ruwa rahama ne, ba ya yawa. Shi ya gane cewa in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. A damshin garin nan, yashi da tsakuwa yake zubawa a kasko mai huji, ba ya ba da ruwa sai ya tura yatsa ya ji ƙasa ta bushe, kuma duk ganyen da ya yi tabo ƙona shi yake yi.

Da ya rasu, masu zuwa ta'aziyya suka riƙa yin alwala a kan kasaken, kamar yadda muka saba yi a gindin shuka don kada ruwa ya tafi a banza. Alheri suka nufa. Ga damina kuma. Kafin a yi arba'in duk sun ruɓe, sai guda ɗaya. Matarsa Binta, mai sayar da awara a gida, ta janye ta zuwa ƙarƙashin rumfa, ta hana kowa kusantarta da almakashi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yaran da suka yi masa dariya yanzu su ke tallan irin waɗannan shuke-shuke a waya. Tsakar gidajen Sabo duk an malale su da siminti. Ina jin ba zai yi gori ba. Ƙasan kasko zai fara leƙawa ya ga ko da huji.

Bana ganyen ya yi rawaya, baƙin tabo ya hau babban reshe, gindin kuma na wani wari da na sani tun ina yaro a gaban huhun goro. A sana'armu, goron da ya yi fumfuna a ranar ake cire shi, ko a yi asarar huhun. Haka na gaya wa Binta, ban ɓoye ba.

Ta ce, "Yaya Alhaji, reshen nan da hannunsa ya tanƙwara shi. Shi za ka ce in yanke?"

Na ce, "Da yana nan, da tuni ya yanke."

Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sosai. Sannan wata safiya ta aiko in zo in riƙe mata kasko. Da kanta ta zare saiwoyin da suka yi baƙi, ta canza ƙasa, ta yanke reshen, ta jefa a murhun awararta. Gidan ya cika da ƙamshin turare.

Siffar da ya ba bishiyar ta tafi, kuma har yanzu nakan nemi reshen da ido. Amma ina ganin abin da ya bari ya fi reshe: ya koya mana cewa kulawa wani lokaci hana ruwa ne, wani lokaci yanka. Ban sani ba ko bishiyar za ta kai rani. Wani ɗan toho dai ya fito a gefen da Ɗanlami bai taɓa sa wa hannu ba, kuma Binta ce za ta zaɓa masa inda zai karkata. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.