Kawu da Dodon da Ba a Gani

Kawuna mai gyaran agogo ne, shekararsa hamsin da biyu, kuma duk layin shagonsa ba wanda bai san labarin dodonsa ba. Wai yana ɗan sha huɗu ya kai matakin ƙarshe na wani gem, irin wasan nan na na'ura, saura bugu ɗaya ya kashe dodon, sai na'urar ta yi ƙauri ta mutu. Umma, wadda yayarsa ce, ta ce ƙarya yake shararawa, ko mataki na uku bai taɓa wucewa ba. Kusan shekara arba'in suna wannan musu. Mu abin dariya ne a wurinmu, shi kuwa yana masa ciwo ba kaɗan ba.

Ran nan na kai masa kwamfutata shago. Na sa mata manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin gem, ba sai da kaset ba, na kuma saka gem ɗin nan nasa. Kiɗan farko na tashi Kawu ya miƙe da gilashin aiki a ido ɗaya, ya hau taka rawa a tsakanin agogunan mutane. Na nuna masa yanzu ana iya ajiye wasa a ko'ina a dawo a ci gaba, ya ce wannan ai satar amsa ce, shi ba ruwansa.

Ko minti biyu ba a yi ba ya fara mita wai maɓallin yana makara. Na ce masa tsufa ne. Ya galla mini harara, ya ce shi mai cin abinci da daƙiƙa zan gaya wa? Da na bincika, ashe gaskiyarsa ce, manhajar tana ɗan jinkiri. Kunya ta kama ni. Haka ya koya wa yatsansa yin tsalle kafin lokaci. Sati uku masu agogo suna zuwa suna komawa hannu rabbana.

Ranar da ya kai ƙarshe ya sa na ɗauko Umma a guje, ko mayafi ba ta daidaita ba. Sai ga tsiya: manhajar ta kasa zana dodon. Fili fetal, sai gurnani kawai, ran ɗan wasan Kawu kuma yana ta raguwa. Ya ɗaga kwamfutar ya hura mata iska a gefe kamar yadda ake yi wa kaset ɗin gem idan ya ƙi aiki, muka yi dariya har da hawaye. Na ce mu jira masu manhajar, wataƙila su gyara.

Ya ƙi fafur. Ya rufe ido, ya bi gurnanin da kunne yana ƙirge a hankali. Tsalle, bugu, ƙirge, tsalle. Can sai allon ya yi baƙi ƙirin, wani kiɗa mai daɗi ya tashi. Ba rubutu, ba hoto.

Kawu ya juyo wajen Umma. "Yaya, kin dai ga..." Ya kasa ƙarasawa, don ba abin da aka gani.

Umma ta gyara zama. "Na gani, auta. Ƙaton gaske ne, kuma ka kashe shi."