Rigar Bilyaminu a Shanyar Malam Hudu

Bilyaminu Bobbo ma'aikacin gwamnati ne a Gombe, shekararsa goma sha ɗaya a sashen tsare-tsare. Falonsa a Hammadu Kafi cike yake da littattafan dabarun kasuwanci, duk ya bi su da jan biro shafi-shafi. Ko maganar mai shayi aka ɗauko a majalisa, sai ya faɗi inda mai shayin yake kuskure.

Bara ya buɗe shagon wanki da guga kusa da GRA. Ya sa injina biyu, ya ɗauki ma'aikata uku, ya kafa allo mai tsari bakwai: na zinare, na azurfa, na gaggawa, na iyali, da sauransu. Duk wanda ya kawo kaya sai ya cike takarda, ya zaɓi ƙamshi, ya zaɓi ƙarfin sitaci, sannan a ba shi kati. Watan farko shagon ya cika. Kafin wata na huɗu, ma'aikatan gyangyaɗi suke yi a benci.

Littattafan sun ce mutum ya san abokin gogayyarsa. Don haka wata Asabar da hantsi ya hau acaɓa zuwa Nasarawo, wurin wani tsohon mai wanki, Malam Hudu, da ya ji ana yawan ambata. Ya tarar da rumfar kwano, baho uku, dutsen guga na gawayi, sai igiyoyi cike da shanya.

Yana cikin kallon igiyoyin sai ya daskare. Ga shuɗiyar shaddarsa mai farin aiki tana lilo, ga kayan makarantar 'yarsa Su'ad a gefenta. Bai gama rufe baki ba keke mai ƙafa uku ya tsaya, matarsa Najiba ta sauko da ƙullin kaya.

"Abban Su'ad! Me kake yi a nan?"

"Ni zan tambaye ki. Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Wata uku ke nan."

"Wata uku? Najiba, shagon namu ne fa!"

"Wallahi na je sau biyu. Yarinyar shagon ta tsare ni tana tambaya, ƙamshin lemo nake so a zanin gado ko na fure, har na makara ɗauko yara. Baba Hudu tambaya ɗaya yake yi: yaushe kike so?"

Malam Hudu ya ajiye dutsen guga ya matso. "Ashe kai ne mai rigar nan, Alhaji. Maɓallin wuyanta ya so ya cire, na ɗinke maka."

Bilyaminu ya nemi benci ya zauna. Ranar Juma'ar da ta wuce, wannan rigar ya sa, har ya nuna wa abokai karin gugarta yana yabon ma'aikatansa. Ya yi kusan awa ɗaya a wurin yana kallo. Mutum ya zo, ya ajiye kaya, ya faɗi rana, ya tafi. Babu wanda ya ko zauna.

Ranar Litinin ya sauke allon shagonsa da hannunsa, ya sa aka rubuta sabo: Wanki da guga, a karɓa gobe da la'asar. Ya kwashe takardun da katunan ya zuba a kwali.

Mutane sun fara dawowa, a hankali dai, ba kamar watan farko ba. Ya sayar da inji ɗaya, ma'aikaci ɗaya ya tafi. Najiba ta mayar da kayan yara shagonsu. Amma manyan rigunansa har yau Nasarawo ake kai su, kuma shi da kansa yake kaiwa.